Zauren Uwargida: Yaro Yana Shan Kunu, Amma Awo Ya Ƙi Motsi

  

Saƙonni uku suka shigo mini a makon nan, daga Duwala da Kumasi da Kwatano, kamar masu su sun haɗa baki. Ta Duwala ce ta fi fayyace damuwarta. Ɗanta wata 8, tun da ya cika wata 6 take ba shi abincin gwangwani, yanzu gwangwani ɗaya ba ya kai musu mako, maigida ya fara tsuke fuska in an zo maganar sayen wani. Da ta mayar da shi kan koko, sai ma'aikaciyar awo ta ce mata nauyinsa ya tsaya wuri ɗaya wata biyu a jere. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne yaron yana sha sosai, har cikinsa ya yi tirtsitsi, to ina abincin yake tafiya?

'Yar uwa, ruwa yake sha.

Cikin yaro ɗan wata 8 bai fi ya ɗauki kofin shayi guda ba a zama ɗaya, wato kamar mililita 200 zuwa 250. Iyakar wurin da kike da shi ke nan, kamar rumfar kasuwa ce, in kin cika ta da kayan da ba riba, babu inda za ki jera masu ribar. Nonon uwa yana ɗauke da kalori kusan 65 zuwa 70 a kowace mililita 100. Kokon da aka dama tsararo, irin wanda zai bi ta bakin bulumboti, da ƙyar yake kai rabin wannan. Kin ga ke nan duk lokacin da kika cika masa ciki da irin wannan koko, kin tare wurin nono da abin da bai kai nono ba. Ga shi kamun da ake dama kokon an jiƙa shi, an niƙa, an tace, an zubar da dusa, abin da ya kwanta a ƙasan roba galibinsa sitaci ne. Yana kashe yunwa, amma ba ya gina tsoka ko jini yadda jikin yaro yake nema a wannan lokaci.

Kokon da 'yan uwanmu suke sayarwa a Nima da sauran zangunan Gana, wanda har sunanmu aka laƙaba masa, ni ma ba na wasa da shi da safe, da ƙosai mai zafi. Sai dai wannan na manya ne. Akwai citta a ciki, akwai kanumfari, akwai barkono, sannan a antaya sukari. Ba shi ne abincin ɗan wata 7 ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, daga nan a fara ƙara abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Shekara biyun nan mu ba baƙuwarmu ba ce, Alƙur'ani ya ambace ta a Suratul Baƙara. Abin da yaro yake buƙata daga abinci, ban da nono, kusan kalori 200 ne a rana daga wata 6 zuwa 8, ya koma 300 daga wata 9 zuwa 11, ya kai 550 daga shekara 1 zuwa 2. Ba wani abu mai yawa ba ne. Matsalar ita ce yadda za a cusa shi a wannan ɗan ƙaramin ciki.

Ban ce abincin gwangwani guba ba ne, wasunmu ma shi suke sayarwa a shago. Amma abu biyu nake so a sani. Na farko, in kuɗi ya yi ƙaranci, uwa takan rage garin ta ƙara ruwa don gwangwanin ya daɗe, sai a koma gidan jiya, ruwa mai tsada kawai ake ba yaro. Na biyu, a watan Afrilun 2024 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto cewa Cerelac ɗin da ake sayarwa a ƙasashe irin namu, har da Najeriya da Senegal, ana ƙara masa sukari, alhali irinsa na kantunan Jamus da Ingila babu ƙarin sukari a ciki. Yaron da harshensa ya saba da zaƙi tun yana wata 6, ranar da kika kawo masa faten kabewa sai ya kau da kai, ki ce ba ya son abinci.

Garin da nake so ki haɗa ba ni na ƙirƙiro shi ba. A Gana da Najeriya ana kiran irinsa Tom Brown. A asibitocin Gana tun 1987 ake koya wa iyaye mata haɗin masara da wake da gyaɗa da ake kira Weanimix. A Burkina Faso kuwa, a garin Fada Ngurma, tun 1982 aka fara yin Misola, wanda ya bazu har Mali da Nijar. Duk tushensu ɗaya ne: hatsi shi kaɗai bai cika ba, wake shi kaɗai bai cika ba, amma abin da wannan ya rasa na gina jiki yana wurin wancan, gyaɗa kuma ta kawo mai.

Ki ɗauki gwangwanin madara ya zama ma'auninki, tunda wata a tiya take awo, wata a olonka, wata a koro. Gero gwangwani 6, waken suya 2, gyaɗa 1. In kina inda gero yake tsada, kamar kudancin Kamaru ko bakin teku, ki sa masara ko dawa, ko ki raba rabi da rabi. In babu waken suya, farin wake ya wadatar, ki surfe shi ki cire ɓawon.

Kowanne daban ake gyara shi. Geron ki surfa shi sama-sama, ki wanke, ki rege tsakuwa, ki shanya ya bushe ƙayau a kan tire ko tabarma mai tsafta, ba a ƙasa inda kaji da awaki suke bi ba. Sannan ki soya shi a busasshen kasko, wuta kaɗan kaɗan, kina juyawa har ƙamshi ya tashi. Waken suya shi ne mai neman haƙuri. Ɗanyensa yana da wani sinadari da ke hana ciki narkar da abin gina jiki, shi ya sa wata za ta ce ta gwada ya sa wa ɗanta kumburin ciki da zawo. Bai soyu ba ne. Ki ba shi lokaci a wuta mai sanyi, minti 20 zuwa 30, har ya yi launin ƙasa-ƙasa, in kin fasa ƙwaya ɗaya ki ga cikinta ma ya sauya, ƙarnin nan ya tafi. Kada ki bari ya ƙone. Ki ɓarza shi a turmi, ki sheƙe ɓawon. Gyaɗar ma ki soya, ki murje jan ɓawon, ki fece.

A kan gyaɗa da masara zan ɗan tsaya, don nan ne zaman baƙunta yake cutar mu ba mu sani ba. A gida, a Kano ko Maraɗi ko Damagaram, rani yana da tsawo, iska busasshiya ce, hatsi yakan daɗe bai yi komai ba. A Duwala da Kwatano da Lome da Abijan kuwa, ko rigar da kika rataye a ɗaki sai ta yi fumfuna, balle buhun gyaɗa da aka jingina da bango. Wannan fumfunar tana fitar da wata guba da ake kira afilatoksin. Ba ta da wari koyaushe, kuma suya ba ta kashe ta, tafasa ma haka. Tana taɓa hanta. Wani bincike da aka buga a 2002, wanda aka yi a kan yara 480 a Benin da Togo, ya gano cewa yaran da suka fi tsumburewa su ne suka fi yawan wannan guba a jininsu, kuma tana ƙaruwa ne bayan an yaye yaro ya koma kan abincin gida. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125.

To mu 'yan kasuwa mun san halinmu. Mai kyau a kai gaban rumfa, tsintar da ta rage a ƙasan buhu, fasassu da motsattsu da masu baƙin ciki, a kawo gida a ce a yi kunu da su, ai za a niƙa ne. Don Allah a daina. Na yaro a juya lissafin, shi za a zaɓar wa ta gaban rumfa. Ki baza gyaɗar a faranti da rana tsaka, ki tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta motse, ko ta sauya launi, ko ƙwaro ya huda, ko ta yi ɗaci, a zubar. Gwangwani ɗaya ne fa, ba zai ɗauke ki minti goma ba. Kuma kada ki sayi niƙaƙƙen tunkuza ko garin masara na kasuwa don abincin jariri, ba ki san abin da aka zuba a injin ba.

In kin haɗa su wuri ɗaya sai inji. Ki je da sassafe kafin a fara niƙa barkono da kayan miya, ko ki ba mai injin ɗan hatsi ya fara wanke bakin injin da shi ki ware wannan daban. Da kin dawo ki baza garin ya huce sarai kafin ki rufe, don gari mai ɗumi in aka toshe shi gumi yake yi. Ki tankaɗe da rariya mai laushi, ki zuba a roba ko kwalba mai murfi, busasshiya. Kada ki yi na wata uku. Saboda man gyaɗar yakan yi ɗaci, musamman a bakin teku. Na mako biyu zuwa uku ya isa.

Wajen damawa, awo ɗaya na gari, biyu na ruwa. Ki kwaɓa da ruwan sanyi, ki ɗora a wuta kina juyawa, ya tafasa kamar minti biyar zuwa goma. Zai yi kauri, kuma haka ake so. Gwajinsa shi ne ki ɗebo a cokali ki karkata, in ya zauna ko ya sauko a hankali, ya yi. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba.

Na san abin da za ki ce: ɗana ba zai iya haɗiye mai kauri haka ba. Akwai dabara, kuma tsohuwa ce a wurinmu. Kin tuna yadda masu kunun zaƙi suke niƙa busasshen dankali su zuba, kunun da ya yi kauri ya saki ya yi zaƙi ba a sa sukari ba? Hatsin da ya tsira ma haka yake yi, har ya fi. Ki jiƙa gero gwangwani ɗaya ya kwana, ki tsane, ki baza a kan jiƙaƙƙen buhu mai tsafta ki rufe, kina yayyafa ruwa safe da yamma kwana biyu zuwa uku har ya fito da tsiro. Ki shanya a rana ya bushe ƙarau, ki murje saiwar da tsiron ki fece su, ki daka ƙwayar ki tankaɗe. In kin sauke kunun nan mai kauri ya ɗan sha iska, ki barbaɗa wannan gari kamar abin da yatsu uku za su ɗebo, sau biyu ko uku, ki juya. Kina kallo zai narke ya zama mai ruwa-ruwa, alhali ko ɗigon ruwa ba ki ƙara ba. Duk ƙarfin garin yana nan. Sai ki mayar wuta ya yi tafasa ɗaya, ki sauke. Da gero ko masara nake so a yi wannan. Tsiron dawa yana da guba a saiwa da ganyen, in dole sai da ita za a yi, to a tabbata an murje su tas.

Kunun nan tushe ne kawai, sai an ɗora masa. Jinin da yaro ya zo da shi daga ciki, wato ajiyar sinadarin ƙarfe da ke jikinsa, yakan fara ƙarewa wajen wata 6, hatsi kuma ba ya mayar da shi yadda ya kamata. Abin da ke mayarwa shi ne hanta, da nama, da kifi, da ƙwai. A nan ina magana da iyayen gidanmu. Malam, da yawa daga cikin mahautan zango da masu tsire daga Kumasi har Yawunde namu ne. Abin kunya ne a ce mutum yana yanka hanta yana sayarwa tun safe, ɗansa na goye bai taɓa ɗanɗana ta ba. Yanki kamar girman akwatin ashana, sau ɗaya ko biyu a mako, a dafa ya nuna sosai, a murƙushe a cikin kunu ko fate. Bai kai kuɗin katin waya ba.

Ƙananan busassun kifin nan da ake ci har ƙaya, waɗanda a Gana ake wa laƙabi da 'yan makarantar Keta, ko salanga ta Chadi, a cire kai da yashi, a ɗan gasa, a daka su lukui, a tankaɗe. Ƙaramin cokali ɗaya a kwano. Ƙwai kuma a dafa shi ya yi tauri, a murƙushe. Zancen wai ƙwai yana sa yaro sata, ni dai ɓarayin da na sani ba ƙwai ne ya lalata su ba. Garin zogale da aka shanya a inuwa, ɗan kaɗan. Ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, musamman ranar da aka yi kunun ba gyaɗa. Kabewa, karas, dankali mai jan ciki, gwanda, mangwaro, fiya, ayaba, duk a dafa mai buƙatar dahuwa a murƙushe. 'Ya'yan itace masu tsami kamar lemu da garin 'ya'yan kuka suna taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfen, shayi kuwa hana shi yake yi. Masu tsoma wa yaro burodi a shayi da safe su ji.

Ke da kike kudu, inda doya da agada da makani da rogo suka fi hatsi araha, ba laifi ki yi masa fatensu, irin wanda mutanen Gana suke kira mpotompoto. Sai dai ki san waɗannan sun fi gero talaucin abin gina jiki, dole kifi ko wake ko ƙwai ya shiga, da ganye. Garin kwaki da ruwa da sukari kam ba abincin yaro ba ne ko a ina.

Daga wata 6 ki fara da babban cokali biyu ko uku, sau biyu zuwa uku a rana, kina ƙarawa har ya kai rabin kofi. Daga wata 9 ya koma sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kuma lokacin ya isa ya fara cin tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa. Ki ɗebi nasa kafin ki sa barkono da dunƙule da kanwa. Gishiri da sukari a bar su har ya shekara. Zuma ma haka. Na san darajar zuma a wurinmu, ba musu nake da ita ba, amma takan ɗauko ƙwayar wata cuta da hanjin babba yake iya kashewa, na jariri bai iya ba tukuna, kuma cutar shanye jiki take yi har numfashi. Bayan wata 12 a ba shi. Madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi ba ta jariri ba ce. Nonon shanu in za a sa a kunu a tafasa shi. Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya da aya da dabino mai ƙwallo kuwa, a nisanta su da shi saboda shaƙewa.

Sai maganar ɗura. Har yanzu ina ganin ana kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa, yana kuka yana haɗiya. Galibi kaka ce ko wata babba a gida take yi, kuma da kyakkyawar niyya. Amma yaron da ke kuka hanyar numfashinsa a buɗe take, kunu yana iya faɗawa huhu, daga nan sai ciwon haƙarƙari, wani ma a take ake rasa shi. In Hajiya ce ta dage, kada ki yi mata gardama a gaban mutane. Ki ce mata a asibiti an hana, ki roƙe ta ta riƙe miki shi a zaune ke ki ba shi da cokali. In abin ya ƙi, maigida ya yi wa mahaifiyarsa magana da kansa, ta fi jin tasa. Yaro yakan tofar da sabon abinci sau da yawa kafin ya karɓa, wannan ba ƙi ba ne, koyo ne. A ba shi kwanonsa daban don a san abin da ya ci, kada a haɗa shi da yayyensa masu saurin hannu.

Mu da muke wuni a rumfa, babbar jarabawarmu ita ce ajiya. Kunun da aka dama da asuba aka zuba a roba, aka ba yaro da azahar, shi ne uban zawo. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye cikin zafin nan. In filas ɗinki mai riƙe zafi ne, har in kin buɗe tururi yana tashi, to ya yi. Wanda ya fi shi ne ki zuba tafasasshen ruwa a filas, ki tafi da garinki busasshe da ƙaramar tukunya, ki roƙi mai shayi ko mai abincin kusa da ke ki ɗora minti biyar. Kofi da cokali sun fi bulumboti, don su ana ganin dattinsu a wanke. Hannun da ya ƙirga kuɗi kuma sai ya ga sabulu kafin ya taɓa cokalin yaro.

Haka in tafiya ta kama, ko motar Kwatano zuwa Malanbil ce, ko jirgin ƙasan Yawunde zuwa Ngaundare da ake kwana a ciki. Ki riƙe abin da Allah ya rufe da ɓawonsa: ayaba, fiya, lemu, dafaffen ƙwai da ba a ɓare ba. Ki yawaita ba shi nono. Ki sa ƙunshin gishirin zawo na ORS biyu ko uku a jaka, da ƙwayar zinc. In zawo ya zo, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, zinc ɗin kuma kullum har kwana 10 zuwa 14, kuma ba a tsayar da nono ko abinci. In ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana na mako biyu ya mayar da abin da ya zube.

Ke ta Duwala, da sauran masu irin damuwarki, kada ki daina zuwa awo don ba kya jin Faransanci ko don ana yi miki faɗa. Ki nemi maƙwabciya mai jin yaren ku tafi tare, ki riƙe katinsa ko da na wata ƙasa ne. A can ne ake ba shi ɗigon bitamin A duk wata shida, a can ne kuma ake auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko kika ga ƙafafunsa biyu sun kumbura har in kin danna yatsa wurin ya lotsa, ko ya daina karɓar nono, wannan ya wuce kunun gida, asibiti za a kai shi a ranar. In kuwa bai kai haka ba, ki yi masa garin nan wata guda, da hanta da ƙwai, ki koma awo, ki rubuto mini abin da sikeli ya nuna.

Ta Kumasi ta haɗa da tambaya a kan yaye in ciki ya shiga ana goyo. Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya raya mana su.